Muryar Kawu a kan rigimar David Letterman

Ga abin da Kawu ya faɗa a muryar da ya turo da safe. Na rubuta shi ne saboda waɗanda datarsu ba ta isa su sauke ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Yaya Babba, ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na tashi na tarar da saƙonni sun taru, duk a kan mutum ɗaya, kuma an kira ni har sau uku wai in raba gardama. To bari in yi da baki, don maganar ta fi ƙarfin yatsa.

'Yata, na kalli bidiyon da kika turo. Wannan hirar David Letterman ce, mai shirin hira da barkwanci na dare a talabijin ɗin Amurka, da Lindsay Lohan, 'yar fim ɗin nan, a 2013, lokacin da kotu ta ce sai ta shiga gidan da ake raba mutane da shaye-shaye. Kika ce wannan tsoho ba shi da tausayi, me Amurkawa suka gani a jikinsa har suka riƙe shi sama da shekara talatin? Kai kuma ɗana ka ce mata ita ce ba ta gane barkwancin Turawa ba, kuma ba a taɓa yin kamarsa ba.

To ɗana, a kan wannan bidiyo dai 'yar'uwarka ce ke da gaskiya. Babu wani barkwanci da ya ɓuya mata. Mutum ya girmi yarinya da kusan shekara arba'in, yarinyar tana cikin halin da take ciki, ya yi ta maimaita mata tambaya ɗaya, me take sha, sau nawa aka kai ta, ta ce masa ba su yi da shi za a yi wannan maganar ba, ya ci gaba, 'yan kallo suna ta dariya. Ka duba idonta a ƙarshe. Su kansu Amurkawan, da bidiyon ya sake yawo a 2021, sun yi masa ca. Kuma ba ita kaɗai ba ce. A 2007 haka ya tsare Paris Hilton, wata shahararriyar 'yar masu kuɗi, da tambayar zamanta a gidan yari, ita kuwa turarenta ta zo tallatawa, har sai da ya dawo da ita daga baya ya ba ta haƙuri a gaban jama'a. Ni na kalli ta Lindsay a daren da aka nuna ta. Raina ya ɓaci, amma ban kashe talabijin ba, kuma washegari na sake kunna shi. Dalilin da ya sa na sake kunnawa shi ne amsar tambayarki, 'yata.

Kun san na sauka New York a 1997, kuma aikin da na fi daɗewa a kai shi ne gadin dare a wani gini a Manhattan. Ɗan ɗaki ne a bakin ƙofa, kujera ɗaya, littafin sa hannu, hita a ƙarƙashin tebur, sai wata ƙaramar talabijin da wanda na gada ya bari. Ƙarfe sha ɗaya da minti talatin da biyar, bayan labarai, shirinsa zai fara a tashar CBS. A lokacin nan na gama zagayen farko, na zuba shayi daga filas, na zauna. Litinin zuwa Juma'a. Turancin da na zo da shi na makaranta ne, in Ba'amurke ya yi sauri sai in ɓace. A bakin mutumin nan kunnena ya buɗe. Akwai jerin abubuwa goma da yake karantowa kowane dare, daga na goma ya gangaro zuwa na ɗaya, kuma ana rubuta su a fuskar talabijin. Ina karantawa ina ji. Ranar da na yi dariya tare da 'yan kallo, ba bayan sun gama ba, wallahi har yau ina tuna ta.

Shi mutumin Indiana ne, an haife shi a 1947, kuma da karanta hasashen yanayi ya fara a wata tashar garinsu. A 1982 NBC ta ba shi shirin Late Night, wanda ke zuwa bayan na Johnny Carson, sarkin masu hirar dare a zamanin. Kowa ya ɗauka shi ne magaji. Da Carson ya ajiye aiki a 1992 sai aka ɗauki kujerar aka ba wani ɗan barkwanci, Jay Leno. Abin ya yi masa ciwo, ya tattara ya koma CBS a 1993 ya buɗe Late Show, a can ya zauna har Mayun 2015. In ka haɗa, shekara 33 ke nan, shirye-shirye sama da 6,000, ya zarce Carson ɗin da ya yi shekara 30.

Wannan gardama da kuke yi, mun yi irinta tun kafin a haifi wasunku. Akwai wani dattijo mai shara a ginin, shi ɗan Leno ne na a-mutu. Ya ce Leno mutum ne mai fara'a, yana sa baƙo ya saki jiki, shi kuwa Letterman kamar wanda aka tilasta wa zuwa aiki, ga girman kai, ga baƙar magana. Kuma yawancin Amurkawa suna bayansa, don tun daga 1995 Leno ya fi shi yawan masu kallo kusan kowace shekara. Ni kuma abin da dattijon nan yake ƙi shi ne ya riƙe ni. Letterman bai iya ɓoye abin da ke ransa ba. In baƙo ya gundure shi, za ka gani a fuskarsa. In ya zo tallar fim ɗin da bai da kyau, ba zai ce yana da kyau ba. Shugabannin tashar da ke biyansa albashi ma bai bar su ba. A ƙasar da kowa ke yi maka murmushin da bai kai ciki ba, na samu mutum guda da nake iya karanta fuskarsa. Sai dai wannan halin wuƙa ne mai kaifi biyu. In ya juya shi kan ɗan siyasa ko attajiri, sai ka ji sanyi a ranka. A 2008 John McCain, yana takarar shugaban ƙasa, ya fasa zuwa shirin ya ce zai garzaya Washington, sai ga shi a wani ɗakin CBS ɗin ana shafa masa hoda zai yi wata hirar. Letterman ya sa aka nuno hoton kai tsaye. Amma in ya juya shi kan yarinyar da rayuwa ta riga ta kayar, abin da kika gani ke nan, 'yata.

Akwai darare da ba su cika yawo a waya ba. A farkon 2000 aka yi masa babban aikin zuciya, jijiyoyi biyar. Mahaifinsa ma ciwon zuciya ne ya kashe shi yana ɗan shekara 57. Da ya dawo bayan 'yan makonni, sai ya kira likitocin da nas-nas ɗin da suka yi masa aiki, ya jera su a kan dandali, yana gabatar da su muryarsa tana rawa. Mutumin da ake cewa ba ya ganin kowa da gashi.

Sai daren 17 ga Satumba, 2001. Yaya Babba, kin tuna yadda kika yi ta nemana a waya a makon nan ba kya samu. Kwana shida da faɗuwar benayen nan biyu na New York a harin 11 ga Satumba, garin yana warin hayaƙi, hotunan waɗanda suka ɓata manne a jikin kowace tasha. Mu Musulmi kuwa tsoro biyu muke ciki. Ni kaina na cire hula na sa a aljihu kafin in shiga jirgin ƙasa. Duk masu shirin ban dariya sun yi shiru, shi ne ya fara dawowa. Babu kiɗan buɗewa, babu tsayuwa a yi barkwanci. Yana zaune a bayan tebur, yana ta juya hannu, yana magana a kan 'yan kwana-kwana da 'yan sandan da suka mutu. Ya ce an gaya mana waɗanda suka yi wannan abu zafin addini ne ya tura su, sai ya tambaya, ko mutum zai shekara dubu a duniya, wannan zai taɓa shiga hankalinsa? Ina zaune ni kaɗai a ɗakin nan na ce, wallahi ba zai shiga ba, mu ma masu addinin bai shiga namu ba. Na saurara sosai in ji ko zai zage mu gaba ɗaya, ban ji ba. Baƙonsa na daren Dan Rather ne, babban mai karanta labarai na CBS, wanda ya ga yaƙe-yaƙe, sai ga shi ya fashe da kuka, Letterman ya miƙa hannu ya riƙe nasa. Shayina ya huce a wurin ban sha ba.

Duk da haka, ɗana, kada ka ce zan wanke shi. A Oktoban 2009 ya zauna a bayan teburin nan ya gaya wa duniya cewa wani ya nemi ya ba shi dala miliyan biyu ko ya tona masa asiri, kuma asirin gaskiya ne, ya yi lalata da mata daga cikin ma'aikatansa. An kama mai neman kuɗin, ma'aikacin CBS ne, aka ɗaure shi. Mutane da yawa suka ce ai ya yi jarumta da ya faɗa da bakinsa. Ni ban kira shi jarumta ba, don sai da aka ritsa shi ya faɗa. Abin da ya fi damuna, yana ba da labarin 'yan kallo suna dariya, sun saba duk abin da ya fito daga bakinsa abin dariya ne. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa shi ne maigidan da ke riƙe da abincin matan nan. Wata marubuciya da ta taɓa aiki a shirinsa ta fito a lokacin ta bayyana yadda wurin yake da wuyar zama ga mace, da yadda mata ba su da yawa cikin masu rubuta masa barkwanci. Sai bayan shekara goma ya zauna da ita ya nemi gafara. Na yi watanni ina kallonsa da wani ido daban, kuma har yau girmansa bai koma inda yake a wurina ba.

Sau ɗaya na je kallon shirin ido da ido, a zauren Ed Sullivan da ke kan titin Broadway. Tikitin kyauta ne. A nan na gane shirin daren nan da yamma ake ɗaukarsa, rana ba ta faɗi ba. Zauren sanyi ƙalau kamar firji, haka yake so. Kafin a fara, ma'aikata suna ta roƙonmu mu yi dariya da ƙarfi, mu yi tafi. Tun daga ranar, in na ji 'yan kallo suna shewa a irin bidiyon da kika turo, 'yata, ba na ɗaukar shewar a matsayin shaida.

Tsohon mai farin gemu da kuke gani yanzu a Netflix shi ne dai. A 2018 ya fara wannan shirin, Barack Obama ne baƙonsa na farko, ya yi da Malala, a 2022 ya je har Yukren ya yi hira da Zelensky a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ya yi laushi, yana barin baƙo ya gama magana. Ni dai in na gan shi haka, sai in ce da ma wannan ne ya zauna da Lindsay.

To 'yata, ba na ce ki so shi ba. Ki nemi na 17 ga Satumba a YouTube, maganar farkon ba ta kai minti goma ba, ki kalla ki gaya min abin da kika gani. Kai kuma ɗana, ka koma ka sake kallon wanda ta turo, amma ka cire murya, ka kalli fuskar yarinyar kawai. Sannan ka janye maganar da ka gaya wa yayarka cewa ba ta gane ba.

An kira salla a nan. Ku gaida yara. Sai anjima.