Shin boris ɗin babur ɗaya zai shiga injin wani? Amsa ga mai sayar da kayan gyaran tsofaffin babura

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan gyaran tsofaffin babura ya aiko da tambaya. Ya ce jarinsa ya maƙale a boris ɗin inji, domin yana sayen na kowane samfuri daban, wasu sun shekara ba wanda ya tambaye su. Yana son sanin ko boris ɗin wani babur na iya maye gurbin na wani, don ya rage yawan abin da yake ajiyewa.

Malam, lallai hakan yana yiwuwa, kuma shawarata ita ce ka daina sayen boris da sunan babur, ka koma sayensa da lambarsa da awonsa. Yawancin kamfanonin babura ba su ƙera boris da kansu ba, suna sayowa ne daga irin su SKF, FAG, NSK da Koyo, su sanya masa tasu lambar kaya. Ka juya boris ɗin ka karanta abin da aka zana a gefen zobensa. Idan ka ga 6205, ramin cikinsa milimita 25 ne, faɗinsa daga waje 52, kaurinsa 15, ko wane kamfani ne ya yi shi. Lambobi biyu na ƙarshe, daga 04 zuwa sama, ana ninka su sau biyar a sami girman ramin, shi ya sa 6204 ke da milimita 20, 6306 kuma 30. Da ka jera hajarka bisa wannan tsari, za ka tarar kwalaye uku ko huɗu masu sunayen babura daban-daban abu ɗaya ne a cikinsu, ka biya kuɗinsa sau uku ba tare da ka sani ba.

Sai dai akwai wuraren da ɗan kasuwa ke yin asarar kuɗi da ta suna a lokaci guda, kuma su na fi so ka kula da su. Na farko shi ne bambancin inci da milimita. Tsofaffin baburan Ingila da dama an ƙera su ne da awon inci. Injin Triumph 650 na shekarun 1960 yana ɗaukar boris mai rami inci ɗaya da ɗaya bisa takwas, wato kusan milimita 28.6, faɗinsa kuma kusan 71.4. Ka ajiye shi kusa da 6306 mai awo 30 da 72, ido ba zai raba su ba, amma wanda ya ɗaura na milimita a gurbin na inci zai ji yana lilo a kan ƙarfen, kuma kai zai dawo wa da fushinsa.

Ko awo ya yi daidai, haruffan da ke bin lambar suna da muhimmanci. C3 na nufin an bar ɗan sarari a ciki fiye da na yau da kullum, domin ƙarfe yana buɗewa idan inji ya yi zafi; 2RS kuma mai murfin roba ne ta gefe biyu, wanda ba zai bar man inji ya ratsa shi ba. Abin da ya sami Norton Commando samfurin Combat a 1972 darasi ne a nan, domin manyan boris ɗin injin sun riƙa lalacewa da wuri, har sai da aka koma wani nau'i da aka fi sani da Superblend, wanda ke jure lanƙwasar karanshaf, wato babban ƙarfen da ke juyawa a cikin inji. Awon gurbin bai canza ba, ƙirar cikin ce ta bambanta.

Akwai kuma waɗanda ba a musanya su da ka. Honda CB750 da ta fito a 1969 tana amfani da metal, wato boris marar ƙwallaye mai rabi biyu, ana zaɓensa da launi bisa alamomin da aka buga a jikin inji da karanshaf. Irin wannan kada ka tara shi, ka sayo shi sai an yi oda, an kawo maka alamomin, an kuma ba da kafin alƙalami.

Saboda haka ka zuba mafi yawan kuɗinka a lambobin milimita da ke shiga babura da yawa, ka sayo su da yawa daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, domin jabun boris ya yi yawa kuma kwalinsa yana ruɗi. Na inci ka ajiye kaɗan, ka sa musu riba mai kauri, tunda mai neman su ba ya samunsu a ko'ina. Ka tanadi ma'aunin kauri mai kyau da littafi guda, duk boris ɗin da bakanike ya kawo maka ka auna shi a gabansa, ka rubuta samfurin babur, shekararsa, lambar inji da cikakkiyar lambar boris har da haruffanta. Wanda bai zo da tsohon ba, kuma ba shi da lambar injinsa, ka rubuta masa a rasit cewa shi ya zaɓa, kuma ba a karɓar kayan da aka riga aka ɗaura.