Zomo da ƙwai a tsofaffin littattafan Ista

'Yar'uwa, kin tambaya me ya haɗa zomo da ƙwai da bikin Ista, wato bikin Kiristoci na tunawa da tashin Yesu daga matattu, a tsofaffin littattafan yara na Turawa, da kuma wanne za ki karanta wa 'ya'yanki a wannan hutu.

Ƙwai dai asalinsa azumin kwana 40 ne da Kiristoci ke yi kafin Ista. A Turai ta da, ba a cin ƙwai a lokacin, kaji kuwa ba su daina saka shi, sai a tara, a dafa, a rina shi don ranar biki. Zomo kuma daga Jamus ya fito, tun 1682 an rubuta labarin zomon da ke ɓoye wa yara ƙwai a lambu. Shi ya sa katunan gaisuwar Ista da aka buga a Jamus kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka cika da shi.

Ni dai zan ba ki shawarar littafin Peter Rabbit na Beatrix Potter, wanda ya fito a Ingila a 1902. Ba labarin Ista ba ne, amma zanensa ne ya fi tafiya da ni. Da fentin ruwa ta yi shi, launuka masu sanyi, ga zomo sanye da shuɗiyar riga amma gashinsa da zamansa duk na zomon gaske. Da gangan ta sa aka yi littafin ɗan ƙarami, daidai hannun yaro.

Yana nan kyauta da hotunansa a Project Gutenberg, wani shafin intanet na tsofaffin littattafai. Kada ki yi saurin juya shafi, bar yaran su ƙare wa zanen kallo.