Tambaya da Amsa: Na Tuba, Amma Kuɗin Mutane na Hannuna

TAMBAYA: Salama a gare ku, Malam. Shekarun baya ina riƙe da asusu a wurin aikina, na ci wasu kuɗi, ba wanda ya gane. Na tuba, na roƙi gafarar Ubangiji, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ko Allah bai gafarta mini ba ne? Daga wani ɗan'uwa cikin Almasihu.

AMSA: Ɗan'uwa, salama. Maganar gafara a bayyane take a 1 Yohanna 1:9: wanda ya furta zunubinsa, Allah mai aminci ne, zai gafarta masa. Abin da ke hana ka barci shi ne haƙƙin mutum da har yanzu yake hannunka.

Littafin Firistoci 6:1-5 ya yi magana a kan irin halin da kake ciki: wanda ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya ya mayar da shi cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Wato in 100 ka ci, 120 za ka biya. Zakka, mai karɓar haraji, ya wuce nan, ya ce zai mayar ninki huɗu (Luka 19:8). Ba mu ɗora wa Kirista wannan lissafi a matsayin doka, amma ma'auni ne mai kyau, don kuɗin da ka riƙe shekaru darajarsa ta ragu, mai shi kuma ya yi asarar amfaninsa.

Fara da biro da takarda. Rubuta nawa ne, yaushe, daga hannun wa. Inda ka manta adadi, ɗauki na sama. Sai ka sami fastonka ko dattijo ɗaya mai riƙon sirri, ka gaya masa komai, ku je wurin mai kuɗin tare. In akwai yiwuwar maganar ta kai kotu, ka ji shawarar lauya kafin ranar, don ka san abin da kake fuskanta, ba don ka sami hanyar zillewa ba. Idan kun zauna, faɗi abin da ka yi a taƙaice. Kada ka haɗa da "albashi ne bai isa ba". Da zarar uzuri ya shigo, mai sauraro ya daina jin tuba, ya fara jin kare kai. Ba ka da kuɗin gaba ɗaya? Kai abin da ke hannunka a ranar, sauran ku rubuta nawa za ka riƙa biya kowane wata, dattijon ya sa hannu a matsayin shaida.

Wurare biyu ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Wasu sukan zuba kuɗin cikin baiko su ce sun mayar wa Allah. Matiyu 5:23-24 ya rufe wannan ƙofa: bar baikonka a gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Littafin Ƙidaya 5:8 ya yarda a kai wa Ubangiji ne kawai in babu mai haƙƙin, babu kuma danginsa. Wasu kuma sukan aika da kuɗin a ɓoye ba suna. Kafin ka yi haka, tambayi kanka: da aka ga giɓi a asusun, wa aka zarga? In an kori wani ko an ɓata masa suna saboda kai, kuɗi ba zai wanke shi ba, sai bakinka.

Ka kuma lura, biyan ba shi ne kuɗin sayen gafara ba. Yahuza ya mayar da azurfa 30 ɗin da aka biya shi don ya ba da Yesu, amma bai koma wurin Ubangiji ba (Matiyu 27:3-5). Ko mai kuɗin ya ƙi yafe maka, kai dai ka sauke nauyin da ke kanka, ka ci gaba da zumunci da 'yan'uwa.

TAMBAYA: Malam, sau da yawa ina mafarkin ina wa'azi. Kira ne? In bar aikina? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: 'Yar'uwa, kada ki bar aikin tukuna. Sama'ila ya ji murya sau uku bai gane Ubangiji ne ke kiransa ba, sai da Eli firist ya fahimtar da shi (1 Sama'ila 3). A Antakiya ma ikkilisiya ce ta yi azumi da addu'a, ta ɗora wa Barnaba da Shawulu hannu kafin su tashi (Ayyukan Manzanni 13:2-3). Mafarki ke kaɗai kika gani. Hali da baiwa kuwa jama'a ne za su shaida.

Nemi ƙaramin aiki a ikkilisiyarku, koyar da yara ko ziyarar marasa lafiya, ki riƙe shi wata shida zuwa shekara ba fashi. Bayan nan ki tambayi dattawa biyu, kowa daban, abin da suka gani, ki roƙe su kada su ji nauyinki. In kina da aure, a fara maganar daga gida. Bulus kansa yana ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu a Koranti, yana kuma koyarwa a majami'ar Yahudawa kowace Asabar (Ayyukan Manzanni 18:3-4).