Hukuncin Kiwon Shuga Gilaida a Ɗakin Haya

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni matashi ne, ina harkar kayan gwari a kasuwar Mil 12 da ke Ikko, ina zaune a ɗakin haya a Agege. Na sayi 'yar dabbar nan da ake kira shuga gilaida, namiji guda ɗaya, kuma ban taɓa kiwon irinsa ba. Ayaba da dafaffiyar masara da biskit nake ba shi. Wani maƙwabcina mai karatu ya ce ɓera ne, Annabi (SAW) ya yi umarni a kashe ɓera, don haka haramun ne in ajiye shi. Kuma yakan yi mini fitsari a aljihun riga. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kiwon dabba don sha'awa halal ne, hadisin Abu Umair, yaron da yake wasa da ɗan tsuntsunsa Annabi (SAW) bai hana shi ba, ya wadatar. Sharaɗin shi ne ci da sha da rashin cutarwa, labarin matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa ba ci ba sha kuwa ka san shi.

Maganar maƙwabcinka ba ta tsaya da ƙafarta ba. Ya ga ƙaramar dabba mai jela da manyan idanu sai ya yanke hukunci a kan kama, alhali kama da wane ba ta wane. Wannan dabba ba ta cikin dangin ɓera ko kaɗan. Asalinta dazuzzukan Ostireliya da Niyu Gini ne, kuma tana cikin masu goyon 'ya'ya a jakar ciki irin su kangaru: macen tana haihuwa bayan kwana 16 ko kusa da haka, jaririn ya shige jaka ya yi wajen kwana 70. Fatar da ta haɗa hannu da ƙafa kuma da ita take shawagi daga bishiya zuwa bishiya. Sannan an kira ɓera fasiƙi ne saboda ɓarnarsa a gidaje, har hadisi ya ambaci yadda yake jan lagwanin fitila ya ƙona gida. Ina wannan illar a dabbar da ke kulle a keji? Ga kuma yarbu'u, ɗan ɓeran sahara mai dogayen ƙafafun baya, wanda ya fi dabbarka kama da ɓera nesa ba kusa ba. Sayyidina Umar ya hukunta wa mai harami da ya kashe shi fansar 'yar akuya, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito. Da kama kaɗai tana shigar da dabba cikin fasiƙan da aka yi umarnin kashewa, da ba a ɗora fansa a kan kashe shi ba. Ka yi wa maƙwabcin wannan bayani cikin ladabi, niyyarsa ta alheri ce.

Fitsarin kuwa, jikin duk mai rai da yawunsa masu tsarki ne a mazhabarmu. Malikiyya suna ɗaukar naman dajin da ba ya farauta a matsayin halal, fitsarinsa ya bi namansa, Shafi'iyya kuma suna ganin kowane fitsari najasa ne. Ka wanke wurin ka fita daga saɓani, kuma kada ka kabbara salla yana aljihunka yana motsi.

Abin da ya fi tsaya mini a tambayarka kalmomi biyu ne: "guda ɗaya". A daji wannan dabba cikin garke take rayuwa, su kwana a kogon bishiya a cure wuri guda. Idan aka ware ɗaya yakan shiga ƙunci, ya daina ci, ya yi ta kewaya keji, wani har ya dinga cizon jelarsa ko gabansa. Kai kuma asubar fari kake fita kasuwa, ka dawo a gajiye daidai lokacin da shi yake farkawa, domin dabbar dare ce. A wannan hali tsare shi shi kaɗai cutarwa ce, kuma halaccin da na faɗa yana rataye da kawar da ita. Ko ka samo masa abokin zama, ko ka ba wanda yake da irinsu. In za ka ƙaro, ka ajiye kejinsu dabam-dabam kusa da juna na 'yan makonni, kana musanya musu jakar barci (jakar ƙyallen da suke kwana a ciki) su saba da warin juna kafin ka haɗa su, domin maza biyu baƙin juna suna iya yi wa juna mummunan rauni. Dandaƙar namijin don maslaha ta halatta a wurin malamai da yawa, tana rage faɗa da wari, amma likitan dabbobi ne zai yi, da allurar kashe zafi.

Abincin da ka lissafa shi ne haɗari na biyu. Masara da ayaba sinadarin fosfaras ya rinjayi kalsiyam a cikinsu, jikin dabbar kuwa yana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. In aka daɗe a haka ƙashi yakan yi laushi, ka wayi gari ka ga yana jan ƙafafun baya, yana rawar jiki. Ranar da ka ga haka kada ka jira, asibitin dabbobi za ka nufa. Biskit ka daina shi yau. Bayan magariba ka ba kowanne kamar cokalin cin abinci ɗaya na 'ya'yan itace da ganye, gwanda ta fi, da cokali ɗaya na dafaffen ƙwai ko kaza ba gishiri ba magi, da 'yan ƙwari na kiwo, a barbaɗa garin kalsiyam na dabbobi. Ƙaro mai tsabta da 'yan'uwanmu ke kawowa daga Arewa yana kusa da abin da yake lasa a jikin bishiya a daji, a jiƙa kaɗan a shafa masa a reshe. Albasa da tafarnuwa da cakulan guba ne gare shi, kai kuma albasa sana'arka ce, sai ka wanke hannu kafin ka taɓa shi da bayan ka taɓa shi. Ragowar abinci a kwashe da safe, danshin Ikko ba ya barin komai, ga kiyashi.

Keji tsayi ake nema masa, aƙalla santimita 90, faɗi 60, tazarar waya kada ta wuce santimita ɗaya da ɗan ɗoriya, kuma ba mai tsatsa ba. A rataya jakar barci marar zare a sake, don zare yana naɗe yatsa. Abubuwan da suka fi kashe su a ɗakunanmu sanannu ne: fanka tana juyawa an sake shi, bokiti ko duron ruwa a buɗe, hayaƙin maganin sauro, fiya-fiya, hayaƙin janareto a bakin taga, da rufe ɗaki ruf da rana an ɗauke wuta. Kyankyason da ya sha magani ma kada ya kai bakinsa.

Yakan yi haushi cikin dare kamar ɗan kwikwiyo, a gidan haya kuwa bango ɗaya ya raba ku da mutane, haƙƙin maƙwabci yana gaban sha'awarka. Kuma dabba ce da takan kai shekara 10 zuwa 15. Ka lissafa aure, da sauya gida, da tafiya gida Arewa da salla: wa zai ciyar da su? In akwai bashi a wuyanka ko iyaye suna jiran aike, kuɗin keji da likita nasu ne, ka nema masa wanda zai iya riƙe shi. Sakinsa a daji ko a unguwa bai halatta ba, kyanwa ko yunwa ce za ta kashe shi. Wallahu a'alam.