Amsa: Ɓari uku a jere, kuma an ce gwajin jinina ya nuna matsala

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki mai zama. Kin ce kin yi ɓari sau uku kafin mako 10, likita kuma ya ambaci antifosfolifid. Wasu sinadarai ne da garkuwar jiki ke ƙerawa bisa kuskure, sai su sa jini ya riƙa daskarewa a ƙananan jijiyoyin mabiyiya, har abinci da iska su kasa isa ga ɗan tayi. Wani likita, Graham Hughes, ya bayyana ciwon a Landan a 1983.

Abin da nake so ki riƙe da kyau: gwaji ɗaya bai isa ba. Sai an maimaita bayan mako 12 aka sake ganinsu, domin ko zazzaɓin wata cuta kan ɗaga su na ɗan lokaci.

In ya tabbata, akwai magani, kuma mata da yawa sun haihu lafiya da shi: asfirin ƙarami kullum, da allurar hefarin, mai hana jini daskarewa, tun da ciki ya bayyana har makonni bayan haihuwa. Don Allah kada ki fara da kanki. Wafarin kuwa, wani maganin hana daskarewar jini da ake sha, yana iya cutar da ɗan tayi, in kina sha ki gaya wa likita tun kafin ki ɗauki ciki.