Hawan dutse bayan guguwar dusar ƙanƙara

Ka tambaya ko za ka iya hawa dutse da zarar guguwa ta lafa. Ɗan'uwa, don Allah ka dakata. Yawancin zaftarewar dusar ƙanƙara kan auku ne ana cikin guguwa ko cikin awa 24 bayanta. Sabuwar dusa ba ta gama mannewa da tsohuwa ba, ga iska ta kwaso ta ta jibge a gefen dutsen da ke da kariya daga iska, ta dunƙule ta yi nauyi. Takun mutum ɗaya ya isa ya ɓalle ta, musamman a gangare mai digiri 30 zuwa 45. In ka ga tsaga a dusar tana gudu daga ƙafarka, juya nan take. Wanda dusa ta binne, da ya wuce minti 15, damar tsirarsa tana raguwa da sauri.