Amsa ga taubashina na Kano: me ke kai mazan Jos awo alhali suna lafiya?

Taubashi, maganar da ka yaɓa mini ranar ɗaurin auren nan na Fagge ban samu na rama ba, jama'a ta yi yawa, kuma bakinka ya fi nawa sauri. Don ka ga na ware kitse gefe guda, na ce maka watan jiya na je awon lafiya, sai ka ɗaga murya wai mu mutanen Jos sanyi ya daskarar mana da tawakkali, namiji garau da shi ya kai kansa asibiti neman ciwo. Ka ƙara da cewa ba laifinmu ba ne, tarbiyyar Birom ce. An yi dariya, har da ni. To yau ga ni zaune, babu mai katse ni.

Bari in fara da Birom ɗin, tunda na san nan ne ƙaiƙayin yake. Ƙwarai, Inna matar Baffa 'yar Birom ce, daga wajen Vom. Lokacin da zai aure ta, mutanenku ko goro ba su aiko ba, kai ma ka ji labarin. Kakanmu ya hawo dutsen nan zamanin haƙar kuza, ya zauna a Gangare, a nan aka binne shi, a nan aka yanke wa ubana cibiya. Amma har gobe a nan ana ce mana baƙi, in mun sauko wajenku kuma a ce 'yan bariki, ana kasa kunne a ji ko za mu ce wa mace "ya zo". Jemage ma ya fi mu sanin inda ya dosa. In addini ne kuwa, ka tuna a garin nan Sheikh Isma'ila Idris ya kafa Izala a 1978, ku kuka karɓa daga hannunmu. Na bar wannan.

Inna nas ce. Shekara da shekaru tana bin mahaifinmu da roƙo, "Yaya, kawo hannunka in duba," shi kuma yana dariya yana cewa shi da bai taɓa kwanciya ciwo ba. Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ba. Wata asuba cikin hunturu ya fita alwala, muka ji ƙarar buta. Muka same shi bakinsa ya karkace, hannun dama ba ya motsi. Yana da shekara 54. 'Yan uwa da suka zo daga Kano suka ce jifa ne, wasu suka ce ya taka sawun iska. Inna ba ta yi musu da kowa ba, ita dai ta ga abin da na'urarta ta awon hawan jini ta nuna, kuma ya haura 200. Kwana tara ya yi.

Ranar addu'ar bakwai, bayan baƙi sun watse, ta fito zaure da mayafinta da 'yar jakarta, ta ce duk namijin gidan nan ya naɗe hannun riga. Babu wanda ya iya buɗe baki. Nawa ya nuna 150 bisa 95, ko ciwon kai ba na yi. Wannan ita ce tarbiyyar Birom ɗin da kake magana.

Abin da na koya tun daga ranar shi ne hawan jini ba ya sallama. Na mai lafiya yana wajen 120 bisa 80. In ya kai 140 bisa 90, aka sake aunawa wata rana daban ya maimaita, to ya tabbata. Ka taɓa ganin injin ban ruwa na masu lambu idan tiyo ya toshe? Yana aiki, ruwa yana fita, amma yana cin kansa, wata rana ko injin ya buga ko tiyon ya fashe. In a ƙwaƙwalwa ya fashe ko ya toshe, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In jijiyar da ke ciyar da zuciya ce ta toshe, shi ne wanda ake cewa "yanzu muka rabu da shi". Ƙoda ma tana shan nata a ɓoye. Maza kuma abin ya fi saurin kama mu fiye da mata, musamman wanda ubansa ko wansa ya gamu da ciwon zuciya kafin ya kai 55. Mata ko ba komai duk ciki sai an ɗaura musu abin awo. Namiji kuwa daga wanzami sai likkafani.

Don haka nake zuwa sau ɗaya a shekara, kafin azumi. A auna jini, a auna suga da safe ban karya ba (in ya kai 126 likita zai sa a maimaita, don nan ne iyakar ciwon suga), a duba kitsen cikin jini da lafiyar ƙoda. Ba sai na je asibitin koyarwa na Lamingo ko Jankwano ba, awon hawan jini kam ko a kemis ɗin unguwa ana yi da kuɗin da bai kai na tsire ba. Ƙwayata guda ce, kullum da safe. Na taɓa dainawa wata biyu don na ji daidai, Inna ta gano, ta yi mini wankin babban bargo a gaban 'ya'yana.

Kada ka ɗauka ina cewa duk Bajashe haka yake. Ina! Sanyin nan ya mayar da mu bayin mai shayi, cokali huɗu na suga da madara har sai cokali ya tsaya. Samarinmu suna busa sigari wai don ɗumi, ga shisha ta shigo. Akwai dattawan da in ka ambaci awo za su ba ka amsa irin taka sak. Sai dai garin ya taimake mu ta wani wajen. Kabeji, karas, koren wake da latas a Farin Gada suke kwana, kuma mun koyi gwate da acca a hannun maƙwabtan da kuke rainawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen Maggi da yajin tsire. Uwargida ta rage dunƙule ta ƙara daddawa, sati biyu na yi ina mita, daga baya harshe ya saba.

Tafiya kuma, minti 150 a mako ake so, wato rabin awa kwana biyar, da ɗan sauri. Nan ba mu da ranar Kano da za mu fake da ita. Abin da ke ci mini rai dai, da can mahaifinmu yakan taka daga Gangare ya ratsa duk unguwar da ya ga dama, ya tsaya ya sha ruwa a gidan abokinsa Kirista. Tun rikicin 2001 kowa ya san inda ƙafarsa take tsayawa. Ni yanzu hanyar Bauchi nake bi in dawo, kullum fuskoki iri ɗaya.

Wata magana kuma tsakanina da kai, tunda mu taubasai ne babu kunya. In namiji ya ga ƙarfinsa na ɗaki ya soma ja da baya, sau da yawa jijiyoyin jini ne ke ba da sanarwa tun kafin zuciya ta yi magana. Likita ya kamata ya gani, ba mai kwalabe a bakin tasha ba, don ba ka san abin da aka zuba a ciki ba. Ban ce kai ba ne, amma na ji an ce kana neman ta uku.

Kuma na lura da babbar rigar nan taka, tana rufa asiri ƙwarai. Tambayi telanka inci nawa ƙugunka yake, daidai cibiya, ba ƙarƙashin tumbi inda kake ɗaure tazuge ba. In ya wuce 40, kada ka ce mini alamar arziki ce.

Ka ce za ka zo da Babbar Sallah. Inna ta tsufa, ido ya yi rauni, amma jikarta ta saya mata na'ura mai batir wadda ke nuna lamba manya-manya, kuma tuni na gaya mata abin da ka faɗa a Fagge, har da na Birom ɗin. Ta ce ba komai, ka zo da rigar sanyi, amma wadda hannunta ke naɗuwa.